Waƙar da Ake Ji da Ido

Bacup, Janairu 1958

Zuwa ga Thelma, jikar Ada,

Ina gaishe ki, gaisuwar da ta fi taki tsawo, don taki layi ɗaya ce. Ina fata kina lafiya, hayaƙin Landan bai cinye miki ƙirji ba. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ta ƙi, ta dama tana koyi da ita. Ruwa bai ɗauke ba tun Kirsimeti, kwal ɗin da suke kawo mana yanzu kuma rabinsa duwatsu ne. Ban da wannan lafiya lau.

Da mai raba wasiƙa ya miƙo mini takardarki sai na ce masa ya yi ɓatan gida. Tun ranar da muka binne kakarki ban ga ƙeyar kowa daga gidanku ba. Ni da Ada 'ya'yan wa da ƙane ne, gida ɗaya muka tashi, tukunya ɗaya, amma uwarki ta ɗauki piyanon Ada ta ba maƙwabta, ko tambayata ba ta yi ba. Ke kuma kika hau jirgi kika tafi makarantar waƙa, labarin tafiyar a bakin mai kawo madara na same shi. Ba tonon zance nake yi ba. Na faɗa ne don kada ki ɗauka na manta.

To, yanzu ga ki. Kin ce an ɗauke ki a wata ƙungiyar ofera mai yawo gari-gari, irin wasan nan da ko shayi mutum zai roƙa sai ya rera. Kin ce sabon wasa ne, da harshenmu aka rubuta shi, ba a taɓa yin sa ko'ina ba, kuma ke aka ba babbar macen da ke ciki. Amma shugaban wasan ya ce muryarki zuma ce, sai dai ba ya tsintar kalma ko ɗaya, in ba ki gyara ba kafin bikin Ista zai ba wata yarinya wurin, ke ki koma cikin 'yan amshi. Shi ne kike tambayata yadda Ada take yi in tana waƙa har na bencin ƙarshe a coci ba ya rasa kalma.

Mutumin nan ya faɗi gaskiya, ko da yake ban san shi ba. Ciwon zamani ne. Yanzu kowa magana yake yi kamar da dankali mai zafi a baki. Fasto haka, yaran kanti haka, na cikin rediyo kam na daina kunna su. Ku kuma an koya muku zagaye baki irin na mutanen Italiya, ku yi ta "aaa" da "ooo". Su harshensu ke nan, kalmominsu a buɗe suke ƙarewa kamar ƙofar da aka manta. Namu a rufe suke ƙarewa. Kalmarmu tana da wutsiya, in kika yanke wutsiyar kin kashe ta. Fiye da shekara arba'in ina riƙe da murya ta ƙasa a cikin mawaƙan cocinmu. Ban san baƙaƙen ɗigon nan masu jela da kuke karantawa a takardar waƙa ba, ina ɗan shekara sha biyu aka cire ni daga aji aka kai ni masaƙa, amma ban taɓa haɗiye ƙarshen kalma ba. Har Cyril Duckworth ya zo da takardar shaidarsa da gashin bakinsa aka ba shi shugabancin mawaƙa, ya ce wai ina shiga kafin kowa ina fita bayan kowa, in je in huta. Hassada ce. Ranar na rantse ba zan ƙara taka inda ake waƙa ba, kuma ban taka ba.

Ga sirrin Ada, in ma sirri ne. Saƙa take yi. Ke ba ki taɓa shiga masaƙa injina na aiki ba, uwarki ta hana. A can ko ihu kika yi wa mutum a kunne ba zai ji ba. Saboda haka mata ba sa magana da murya, da baki kawai suke yi, daga wannan bango zuwa wancan, a karanta a leɓe. Ni da na ƙare rayuwata ina gyara musu injina na san abin sarai. In mace tana kirana sai ta wage baki har in hango ganɗarta, ta ja kowace kalma a hankali, haɓa na sauka har ƙirji. Ban taɓa kasa ganewa ba. Haka za ki yi. Tsaya gaban madubi, wage baki, tauna kowace kalma kamar ɓawon burodin jiya. Abin da malamarki ta Landan ta gaya miki kuwa, ajiye shi gefe.

Na sako miki kek mai citta a gwangwani. Na kanti ne, kada ki ce ni na yi. A dawo mini da gwangwanin.

Kawunki,
Jabez Ormerod

*

Landan, Fabrairu

Kawu Jabez,

Na gode da wasiƙa da kek da faɗa, duka ukun sun iso lafiya. Sannu da gwiwa. Ni lafiya ƙalau, ɗan mura ne ya taɓa ni ya wuce. Zancen piyano ka yi haƙuri, ina ƙarama lokacin, ba wanda ya shawarce ni. Rashin sallama kuwa nawa ne. Na zo har bakin ƙofarka, na hango ka ta taga kana hararar jarida, sai na juya.

Na yi abin da ka ce. Kwana da kwanaki ina gaban madubi, har matar gidan da nake haya ta leƙo ta tambaye ni ko ƙayar kifi ce ta maƙale mini. Daga nan na kai wa malamata, Malama Tranter. Ban ƙare layi na biyu ba ta ɗauke hannu daga piyano.

"Thelma, wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa, Malama. Hanyar garinmu ce."

"To garinku yana neman ranki. Miƙo hannu."

Ta ɗora yatsuna a gefen muƙamuƙina. Kawu, kamar dutse. Ta ce muddin muƙamuƙi ya ɗaure, maƙogwaro ma ya ɗaure, numfashi ya rasa hanya. Ta ce a leɓe da tsinin harshe ake ƙera kalma, shi muƙamuƙi a bar shi ya rataya kamar na mai gyangyaɗi. Kuma don ka sani, ba ita ta koya mini haɗiye kalma ba. Kullum faɗanta ke nan. Ni ce nake tsoron in taɓa wutsiyar nan da kake faɗa, kada muryar ta tsinke a tsakiya.

Ban ji maganarta ba, na je gwaji na yi irin taka. Shugaban wasan ya saurara, ya ce, "To, yau na ji kalmomin. Ina kika baro muryar?" Saman nan da nake hawa ba wahala, ranar na kasa kaiwa, muryar ta fashe a gaban kowa. Rosalind, yarinyar da ke jiran wurina, ta matso ta miƙo mini alewar maƙogwaro. Da ma zagina ta yi.

Yanzu in na saki muƙamuƙi kalma ta gudu, in na kama kalma murya ta gudu. Ista kuma tana ta matsowa.

Akwai wani abu, kada ka yi fushi. Da na ba Malama labarin masaƙa sai ta ce, "Wannan ai dabarar mutanen da ƙarar inji ta cinye wa kunne ce. Kawun naki yana ji sosai kuwa?" Sai na tuna ranar jana'izar Kaka, na yi ta yi maka magana ta baya ba ka juyo ba. Kawu, anya fasto da yaran kanti da rediyo duk su ne suka lalace lokaci ɗaya? Asibiti suna ba da ɗan akwatin nan mai waya zuwa kunne, kyauta. Ka je a duba.

'Yarka,
Thelma

*

Bacup, Fabrairu

Thelma,

Ina lafiya. Kunnuwana ma suna gaishe ki, su biyun, ke da malamarki.

Na ba ki abin da na sani, kin kai wa matar da ba ta taɓa ganin ƙoshiyar saƙa ba ta yi dariya, sannan kuka haɗu kuka yanke mini kurumta tun daga Landan. Maganar Duckworth ke nan, sai dai shi a gabana ya faɗa. Ranar jana'iza ban juyo ba ne don ina kallon ramin da aka sa 'yar'uwata, ba don ban ji ba. Akwatin asibiti kuma ki karɓo ki ba shugaban wasanku, shi ne ya ce ba ya ji.

Ba ni da sauran shawara. Gwangwanina bai dawo ba.

J. Ormerod

*

Landan, Maris

Kawu Jabez,

Ina gaishe ka da gwiwoyi, ina fata sanyi ya fara sauƙi. Na rubuto, na ƙara rubutowa, shiru. Ga gwangwaninka, na cika shi da ganyen shayi don kada ya dawo da kunya.

Malama ta hana ni waƙa na ɗan lokaci, muƙamuƙi ya saki, saman ya dawo. Kalmomin ne dai suka koma inda suke. Jiya aka gwada mini rigar wasan. Mai ɗinki ta bar kabu a sake, na tambaye ta dalili, ta ce haka aka umurce ta, wai ta yi ta yadda za ta shige ni ko ta shigi Rosalind. Gwajin ƙarshe a Manchester za a yi, Asabar ɗin da ke kafin Ista, da rana. Za mu rera mu biyu, shugaban ya zaɓa.

Ban ce ka yi ƙarya ba, Kawu. Amma na ji Kaka da kunnena ina yarinya, kuma ban tuna ta tana wage baki ba. Akwai abin da ya faɗi tsakanin abin da ka gani da abin da take yi. Ba ni da wanda ya rage da zan tambaya sai kai.

Thelma

*

Bacup, Maris

'Yar nan,

Gaisuwa. Shayin ya iso, mai rauni ne irin na mutanen kudu, amma na gode. Gwiwa ta ɗan yi dama-dama, har na taka zuwa saman gari shekaranjiya. Ba don wasiƙarki ba, hanya ce ta bi da ni.

A saman garin akwai Bertha Nuttall. Ba ki san ta ba. Injinanta suna jikin na Ada tun suna 'yan mata har aka sallame su. Na daina gaishe ta tun ranar Duckworth, don tana cikin mawaƙa a lokacin, tana zaune ta yi shiru kamar an ɗinke ta. Na ƙwanƙwasa dai.

"Jabez Ormerod! Ashe ba ka mutu ba. Shigo, goge ƙafa."

"Ba zama na zo yi ba."

"Wa ya ba ka kujera?"

Na tsaya a tsakiyar kicin na ba ta labarinki duka. Ta ce in nuna mata abin da na koya wa 'yar mutane. Na nuna. 'Yar nan, matar nan ta yi dariya har sai da ta cire haƙoran robanta ta ajiye a kan tebur.

"Wayyo cikina! Jabez, wannan ai ta masu gyaran inji ce!"

"Ban gane ba."

"Ai da ma. Shi ya sa muke yi muku haka. Ku muke wage wa baki, ku da sabbin yara, don kanku a hankali yake tafiya. Kai a tunaninka mace za ta yini tun safe har yamma tana buɗe baki kamar kifi a kan tebur? Ai muƙamuƙinta zai faɗo cikin zare. Tsakaninmu ba haka muke yi ba. Kuma in muka wage, ai har kai za ka gane abin da muke faɗa a kanka."

"Me kuke faɗa a kaina?"

"Na shekara da shekaru ne, ba ya faɗuwa a tsaye. Duba nan."

Ta mayar da haƙora, ta koma can bakin ƙofar baya, ta harɗe hannu. Haɓarta ko motsi ba ta yi ba. Leɓe ne kawai da harshe, ƙanana, da sauri, kowace kalma ta rufe ta tsaf kamar mai ƙulla zaren da ya tsinke. Kuma na gane duka, ban rasa ko ɗaya ba. Tunda ke ce zan gaya miki abin da ta ce. Cewa ta yi, "Ku dubi tsohon nan, kurma ne tun kafin yaƙi, duk masaƙa an sani sai shi."

Na ce mata ba sai ta ɗaga murya ba, maƙwabta na ji.

Ta ce, "Ban fitar da murya ba, Jabez. Tun da ka shigo gidan nan ban fitar ba."

Na jawo kujera na zauna. Shayinta ba daɗi, amma na sha.

Daga nan ta gaya mini na Ada, ki saurara da kyau don rubutu yana gajiyar da ni. Rabin cocinmu masu saƙa ne, rabin masu saƙa kuma kunne ya tafi. Ada ta san haka. Ba ta taɓa sunkuyar da kai cikin littafi ba, sai ta haddace komai tun a gida. In ta miƙe, kafin ta buɗe baki, takan zaɓi tsohuwa ɗaya a bencin ƙarshe, wadda ta fi kowa rashin ji, ta rera mata ita kaɗai, kamar tana ba ta gulma ta saman inji. Muryar ba ta tura ta, takan bar ta ta yi tafiyarta. Bakin ne na gulma. Bertha ta ce, "Gulma ba a wage mata baki, Jabez, amma ka taɓa ganin an rasa kalma ɗaya a cikinta?"

Na yi shekaru ina tsaye a bayan Ada ina riƙe mata ƙasa, ƙeyarta kawai nake gani. Ta ina zan san abin da bakinta ke yi?

Saboda haka malamarki ta yi daidai a zancen muƙamuƙi. Kada ki gaya mata ni na faɗa. Abin da ba ki da shi shi ne wanda za ki ba gulmar. Fitilu kike rera wa, da bango, da mutumin nan mai jiran ki yi kuskure. Mai tsoro ba ya rufe kalma, gudu yake yi ya kai ta gaba. Nemi kurma ki rera masa.

Na tambayi Bertha me ya sa ta yi shiru ranar Duckworth. Ta ce ba ta yi shiru ba, ta zage shi tas daga inda take zaune, duk matan sun karanta, shi ne bai iya ba, ni kuma ina kallon ƙasa. Ban san ko gaskiya ba ne. Bertha ce.

Zancen kunne ban ce na yarda ba. Cewa na yi na zauna.

Kawunki,
Jabez

*

Landan, Maris

Kawu,

Sannu da hawan tudu, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ni lafiya, har na fara cin abinci kamar mutum.

Na karanta wa Malama Tranter wasiƙarka. Ka yi haƙuri, har wurin da ka ce kada in gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Tashi ta yi ta buɗe ƙofa, ta tafi can ƙarshen barandar makaranta, ta toshe kunnuwa da yatsu, ta yi mini alama in fara. Ka yi tunanin mace mai furfura da sarƙar lu'ulu'u tsaye haka, ɗalibai na wucewa suna kallo. Da na ga ba ta ji, kuma ina so ta gane, sai na manta da maƙogwarona gaba ɗaya. Na rufe kalmomin, muryar ba ta tsinke ba. Ashe wutsiyar nan ba ta yanke murya, tsalle take ba ta zuwa kalma ta gaba. Malama ta dawo ta ce, "Shekara biyu ina gaya miki wannan da manyan kalmomi. Ki gaishe mini da Bertha."

Amma a ɗakin karatu ke nan. Jiya a gwaji na dubi kujeru, duhu, ba kowa, tsoron ya dawo, rabi ya tafi. Malama ba za ta je Manchester ba, tana da ɗalibai.

Ka ce in nemi kurma. Kawu, kai kaɗai gare ni.

Bas yana tashi daga Bacup da hantsi. Zan bar sunanka da na Bertha a wurin mai gadin ƙofar bayan gidan wasan. Na san ka rantse ba za ka taka inda ake waƙa ba. Amma ka duba, rantsuwar ba za ta karye sosai ba, tunda ba ji za ka yi ba.

In ka yi fushi da wannan layin, ka zo ka yi fushin a bencin ƙarshe.

Thelma

*

Bacup, Maris

Thelma,

Lafiya lau. Ba ki da kunya, irin kakarki. Ni ba zan zo ba. Bertha ce take son ganin Manchester, kuma ba a barin mace mai shekarunta ta hau bas ita kaɗai.

Jabez

*

Bacup, Afrilu

'Yar nan,

Barka da Ista, ina fata kin huta. Ni lafiya, sai dai matakalan gidan wasan nan sun karɓi hakkinsu a gwiwata. Katinki ya iso jiya. "An ba ni, an matse rigar." Na karanta, na kai wa Bertha, ta ce ai ta sani tun a can. Kin kuma tambaya me ya sa muka gudu ba mu jira ki ba. Bas ba ya jiran kowa, kuma fuskata ba ta dace da shiga mutane ba a lokacin. Kada ki ƙara tambaya.

Bari in gaya miki yadda abin ya kasance daga inda muke, tunda ke fitila ta cika miki ido.

Mun hau har layin ƙarshe. Daga can ke da tsinke ɗaya kuke. Na ce wa Bertha mun yi wahalar banza. Sai ta buɗe jaka ta fito da madubin hangen nesa na marigayi mijinta, wanda yake duba tattabarunsa da shi in suna dawowa. Har yanzu yana warin akurki. Ta ce, "Riƙe, kada ka yar, ya fi ka daraja."

Rosalind ta fara. Kada ki riƙe ta a zuciya, yarinyar kirki ce, Bertha ta ce muryarta kamar man shanu. Ni dai abin da na gani baki ne a zagaye kamar ƙwai, ya buɗe, ya ƙara buɗewa. Na san dai wani abu yana damunta.

Sai ke. Kika fito cikin rigar nan mai ruwan toka, kika tsaya, ba ki dubi mai sandan kiɗa ba tukuna. Sama kika duba. Na ga idonki yana bin layi-layi har ya iso. Ban ɗaga hannu ba, Bertha ce ta kaɗa gyale kamar mai korar kaji. Na ji ganga a katakon kujera, ta tafin hannuna, na san an fara. Kika ɗan karkato da kai, irin yadda matan masaƙa suke yi in labarin mai zafi ne, kika ce:

"Na bar fitila a taga, na bar burodi a kan tebur. In ka dawo kada ka ƙwanƙwasa, ƙofar ta san hannunka."

Ko ba haka kika ce ba? Duba takardarki ki gani. Matar mai jirgin kamun kifi ce ke, teku ta riƙe miki miji, 'yan gari suna cewa ki haƙura ki sa baƙi, kin ƙi. Ba wanda ya ba ni labarin nan. A bakinki na kwashe shi, kalma bayan kalma, kowace da wutsiyarta. Tun ranar da Duckworth ya rufe mini ƙofa ba wanda ya rera mini komai na samu.

Ina cikin haka Bertha ta zungure ni da gwiwar hannu har madubin ya buge mini hanci.

"Rufe baki, tsohon banza, ihu kake yi!"

"Ni ban ce komai ba."

"Duk abin da ta faɗa kana maimaitawa, har na ƙasa suna juyowa!"

Kafin in ba ta amsa sai ga wani dogo da mayafin wuya ya hayo ya tsaya a kanmu. Na ɗauka mai korar mutane ne, na fara neman hulata. Ya yi magana, amma da lofen taba a bakinsa, ban samu komai ba. Bertha ta juyo ta ba ni da leɓe: "Shugaban ne. Wai a ina ka samo kalmomin, wasan nan ba a buga shi ba tukuna." Ban kai ga buɗe baki ba ta riga ni, wannan karon da murya, don na ga jijiyar wuyanta.

"Yallaɓai, wannan ko bindiga ka harba a bayansa ba zai juyo ba. A bakin yarinyar yake ɗauka."

Mutumin ya dube ni, ya dube ki. Ya cire lofen, ya zauna kusa da ni, bai ƙara motsi ba har kika gama. Sannan ya juyo, ya fuskance ni sosai, yana da hankali, ya nuna saurayin nan da kuke rerawa tare, ya ce, "Shi fa, me ya ce?" Na ce masa wannan ban sani ba ko aure yake nema ko ciwon haƙori ke damunsa. Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. Ina jin saurayin zai sha wahala makon nan, ki ba shi haƙuri.

Kada ki je kina cewa ni na sa aka ba ki. Mutumin yana da kunne, ya riga ya ji abin da ya ji kafin ya hayo. Ni wurin zama kawai na riƙe.

Muka hau bas za mu koma gida. Da muka fara hango bututun masaƙun garinmu sai na taɓa Bertha, na ce, "To, kalmomin na samu. Muryar fa, yaya take?" Ta yi ta kallon taga kamar ba da ita nake ba. Can ta juyo, ba murya, leɓe kawai, ta ce, "Ada ce. Amma ta fi Ada hawa sama."

'Yar nan, tun muna yara na san Bertha Nuttall. Ta taɓa ce mini an ga kifi a cikin tukunyar injin masaƙa, na yarda. Ba zan ɗauki maganar mace irin wannan a kan abu mai girma haka ba. Saboda haka ranar Talata na sa rigar coci na je asibiti. Likitan yaro ne, ya leƙa kunnena da 'yar fitila, ya wage mini baki kamar ni mai gyaran inji ne, na ƙyale shi. Ya ce akwatin zai iso kafin bazara, kuma kada in sa rai da yawa, wani abin zai dawo, wani ya tafi ke nan.

Kin ce ƙungiyarku za ta sake biyowa ta Manchester a watan Yuni. Ki ajiye mana kujera biyu, layin ƙarshe dai. Zan zo da akwatin, zan zo da madubin tattabaru. Ina so in ji da kaina ko Bertha ƙarya ta yi.

Gwangwanin na nan tafe. Wannan karon ki riƙe shi.

Kawunki,
Jabez